Jinin Beryl

Shekara ashirin da shida Glenys Tuohy ta yi tana kula da tumaki a ɗakin binciken da nake aiki, a bayan garin Melbourne. Ba ta da digiri, kuma ba ta ɗauki masu shi a bakin komai ba. Ranar da na fara aiki na faɗa garken da sauri, takalmina yana ƙwas-ƙwas, ta tare ni a ƙofa.

"Dokta, rawa kika zo yi mana? Koma ki shigo kamar mai hankali."

Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. Muna bincike ne a kan cutar da ke shiga jini ta kashe mutum cikin kwana biyu. Mukan sa wa tunkiya ƙwayoyin cutar, mu riƙa ɗibar jininta kowace awa muna auna kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya shiga wuya. To tsoro ma yana ɗaga shi. Tunkiya ta firgita, awo ya ɓaci. Don haka kowace sabuwa sai Glenys ta yi mako biyu tana ba ta hatsi a tafin hannu, har ta saki jiki da mutane, sannan ta miƙo mana ita. Babu wadda ke fita da rai.

Sai Beryl. Doka ta hana a bar tunkiya ita kaɗai, saboda haka akan ajiye wata a gefen marar lafiyar ta taya ta zama. Aikin Beryl ke nan shekara tara. Ba a taɓa sa mata cuta ba. Tana tsaye tana tuƙa, ko kunne ba ta kaɗawa.

"Dubi 'yar gatan nan," in ji Glenys. "Ci da kwanciya kamar shugaban sashe. Ko ba komai, Dokta, wannan dai ban cuce ta ba."

Da wannan maganar take iya tasowa aiki kowace safiya. Na sani sarai, shi ya sa har yau ban yafe wa kaina ba.

Da ritayarta ta matso, aka amince ta tafi da Beryl gonar yayarta a Gippsland. Likitan dabbobi ya ce a duba lafiyar tunkiyar tukuna. Muna tsakiyar gwaji a makon, sai ni da kaifin basirata na ce a ɗebi jinin Beryl tare da na marar lafiyar, mu samu awon tunkiya mai kwanciyar hankali.

Sakamako ya fito. Duk lokacin da na marar lafiyar ya hau, na Beryl ma ya hau, har ya kusa kamo shi. Na ruga da takardar wurin Glenys ina murna, wai na gano sabon abu.

Ta sa tabarau ta bi layin da yatsa.

"Wannan na wace ce?"

"Na Beryl."

"Ba ta da ciwo fa."

"Ba ciwo ba ne," na ce. Sai a lokacin na ji abin da nake faɗa.

Ta zauna a kan buhun dusa. "Mutuwar tumaki ɗari uku da wani abu ta gani. Ashe duk ta sani. Kuma kullum na kira ta sai ta taho."

Ban taɓa ganin Glenys tana kuka ba sai ranar, ba sauti, takardar a cinyarta.

Gwaji bai tsaya ba, kuma ita kaɗai ta san halin tumakin. Ranar Litinin likitan ya roƙe ta ta zaɓi wadda za ta maye gurbin Beryl. Ta daɗe tsaye a cikin garken. Can wata ƙarama ta matso da kanta tana shinshinar rigarta.

Glenys ta kama ta. "Yi haƙuri, 'yar uwa," ta ce. "Da kin gudu."