Ƙirjin aro

Maigidana ya yi shekaru da yawa a mahlaj, wurin da ake raba auduga da gurya, can gefen Hasahisa. Ban taɓa leƙa wurin ba, ni da ko gidan biki sai an ja ni. Amma na san shi sarai, don kullum maigida yana dawo mini da shi gida, a gira, a kunne, a aljihun riga. Na kuma san shi a tarinsa. Tun yana wajen masallaci nake jiyo tarin nan, in tashi in ɗora shayi.

Wata kaka, kafin yaƙin nan ya watsa mutane, mai mahlaj ya zo da sabon tsari. Ya ɗauko hakim daga Madani, irin ma'aikacin asibitin da bai kai likita ba, yana zuwa kowace Laraba. Aka raba wa ma'aikata ƙyallen rufe hanci. Aka ce kowa sai an saurari ƙirjinsa, ya hura wani bututu, sannan a rubuta masa kati. Ƙyallen dai gida ya taho. Maƙwabciyata da shi ta riƙa tace ruwan randa.

Da la'asar maza kan taru a rumfarmu, ni ina bayan zana ina soya musu bunnu, wato 'ya'yan gahawa, kunnena yana wajensu. Nan na ji wani yana cewa a Sinja an yi irin wannan, duk wanda aka samu da ciwo ba a sake kiransa aiki ba. Wani ya ce ai dama tankaɗe ne, za a zubar da tsaki. Ba wanda ya ce bari a tambayi hakim. Wanda ya tambaya kamar ya ce yana da ciwo ke nan. Maigidana kuwa sai danne tari yake yi, ina jin yadda yake haɗiye shi.

Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙanensa yana ɗaukar buhunan auduga a waje, ba ya shiga ɗakin inji, kuma kamarsu ɗaya har tsaga. Masu dako sai wani makon za a duba su. Na ce hakim baƙo ne, mutanenmu kuma in ƙura ta rufe su duk ɗaya suke a idonsa. Mi zai hana ƙane ya shiga da sunan wa?

Maigida ya yi ta istigfari. Ƙanen nasa kuwa, da yake abokin wasana ne, dariya ya yi har da buga cinya.

"Matar yaya, ke da ba ki fita, ina kika koyo wannan? To ladan ƙirjina kisra ce da miyar kuɓewa, kwana bakwai."

Na ba shi kisrar, wainar dawar nan mai faɗi, har kwana goma. Ya shiga, ya hura bututu, aka ce ƙirji lafiya lau. Maigida ya kawo katin na ajiye cikin akwatin kayan sallah, ina jin na yi dabara.

Ba a kori kowa ba. Waɗanda aka samu da ciwon ƙirji fitar da su aka yi daga ɗakin inji. Mijin maƙwabciyata, wanda tarinsa bai kai rabin na maigidana ba, aka mai da shi gadin ƙofa, yana zaune gindin dalbejiya, ga maganin fesawa a baki duk wata, albashinsa kuma ba a taɓa ba. Ranar da ta shigo tana ba ni labari da murna, ina tuƙin tuwo, muciya ta yi mini nauyi a hannu.

Maigida ya je wajen shugaban aikinsu ya roƙi a fitar da shi waje. Mutumin ya duba takarda, ya ce wuraren inuwa na marasa lafiya ne, shi kuwa an rubuta ƙirjinsa kamar na doki. Ya ƙara masa da cewa tun da an kwashe wasu, masu ƙarfi irinsa su za su riƙe bakin inji.

Na ce ya je ya faɗi gaskiya. Na roƙa, na yi kuka, na yi fushi na kwana biyu ban dafa jabana, gahawar da yake sha, ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"In na faɗa, wa za a kora? Ni mai ciwo, ko shi da ya yi ƙarya da sunana? 'Ya'yansa biyar. Ni na sa shi."

Na ce ni na sa shi. Ya ce a wajen mutane mace ba ta sa komi ba.

Hakim ya ci gaba da zuwa, amma masu katin ciwo yake bibiya. Kowace Laraba maigida yana wuce ƙofarsa da numfashi a riƙe. Kaka biyu ya ƙara a bakin inji. A ta uku ya kasa kai wa masallaci ba tare da ya tsaya ya dafa bango ba.

Ranar da muka tafi Madani ƙanen ne ya riƙe shi a mota, bai yi mini wasa ko ɗaya ba a hanya, kuma har yau bai sake yi ba. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana kallo. Larabcina na kasuwa ne, amma na gane abin da ya ce: wannan ya kamata a ce an raba shi da ƙura tun tuni, yanzu sai dai lallaɓawa. Ya tambaya ko a wurin aikinsu ba a duba ma'aikata.

Ƙanen ya buɗe baki. Maigida ya ɗora masa hannu a gwiwa, ya jira numfashi ya dawo masa.

"Ana dubawa," ya ce. "An duba ni."