Gurasar da ke Rataye a Ɗakin Motabar

Duk unguwarmu a Samarkand, idan ka ce Motabar mai gurasa, abu biyu za a tuna: tanderunta da bakinta. Dukansu da zafi suke. Matar yayana ce, ni kuma Mastura, ƙanwar mijinta, tsakar gida ɗaya muke tun ranar da aka kawo ta amarya. Na sha faɗanta fiye da yadda na sha shayi, amma wallahi duk wanda ya taɓa ta sai ya ji da ni.

Kafin ladan ya buɗe baki ta hura wuta. Ta murza ƙullu, ta danna hatimin ƙusoshi na yi wa gurasa ado a tsakiya, ta yayyafa baƙin riɗi, ta zura hannu har kafaɗa cikin tanderu ta manna. Hannunta na dama babu gashi ko ɗaya, duk tabon ƙuna ne. Yaro ya kifa gurasa a faranti kuwa, ko ɗan waye, sai ya sha murɗar kunne, don a wurinmu wulaƙanta gurasa ne.

A ɗakinta, sama da akwatin barguna, akwai ƙusa, a ƙusar kuma akwai gurasa guda mai gatsa ɗaya a gefe. Mu haka muke yi wa matafiyi: ya gatsa sau ɗaya, a rataye sauran, rabonsa yana jiransa a gida, sai ya dawo ya ƙarasa. Wannan ta yayana Hikmat ce. Ya gatsa ya tafi Rasha aikin gini, lokacin 'yarsu Zebiniso tana rarrafe. Shekarar farko yana kira, ta biyu yana aiko gaisuwa, daga baya muka ji ya yi aure can, har da 'ya'ya. Ɗan uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba zan rufa masa ba: bai kyauta ba.

Duk Juma'a Motabar takan sauko da gurasar ta kakkaɓe mata ƙura, tana yi tana zage-zage, ni ina jiyowa ta bango.

“Kai dai ka ji kunya, mai kunnen tukunya. Dubi gatsarka, kamar ta jaki. Ko a cin gurasa ma ba ka da fasali.”

Na sha ce mata, “Yaya, ki jiƙa abin nan ki ba kurciyoyi mana, ya fi shekara ashirin fa.”

“Gurasa ta yi mini laifi? Ɗan gidanku ne ya yi mini. Tafi ki ba ni wuri, dangin marasa alkawari.”

Da tanderun nan ta reni Zebi. Yarinyar a gindinsa ta koyi karatu, don nan ne ya fi ɗumi lokacin sanyi. Duk littattafanta na makaranta warin hayaƙi suke yi. Tana da wushirya irin ta uwarta, da taurin kai irin na uwarta, amma ita ba ta da surutu. Ta gama jami'a a nan garin, ta karanci harkar ruwan noma, sai bara wata jami'a a Jamus ta ɗauke ta digiri na biyu, shekara biyu.

Ranar da labarin ya zo, babu wanda ya sayi gurasa a kasuwar Siyob bai ji shi ba. Har wani baƙo da bai san mu ba, Motabar ta riƙe masa hannun riga tana cewa, “Jamus, malam! Su suka neme ta, ba ita ta neme su ba!” Ni kuwa na san ta. Na lura a gida ta rage faɗa, kuma idan Motabar ta rage faɗa, to ba lafiya ba.

Aka shiga shiri. Zebi tana zirga-zirga zuwa Tashkent kan takardun tafiya, uwarta tana cika akwati. Busasshen inabi, gyaɗar dutse, koren shayi, safar ulu, har da ƙaramar tukunyar ƙarfe, wai Turawa ba su da tukunyar da za ta dafa shinkafa da karas yadda ya kamata. Zebi ta cire da yamma, da safe ta tarar an mayar. Ni na ɗinka mata riga mai auduga a ciki, Motabar ta duba ɗinkin ta ce ko makaho zai fi ni. Washegari na gan ta tana nuna wa maƙwabta rigar.

Saura 'yan kwanaki, matan unguwa suka zo sallama. Ana shan shayi ƙarƙashin inabi, sai tsohuwa Oynisa, wadda ita ke ja mana addu'a a kowane taro, ta ce, “To Motabar, gurasar tafiya fa? Ke da ke gasa wa 'ya'yan mutane, ta 'yarki ai sai ta fi ta kowa kyau.”

Motabar ta ajiye butar shayi. “Ba za a rataye komai ba.”

Zebi ta sunkuyar da kai, ta tashi ta shige ɗakina. Na bi ta na same ta tana kuka a kan keken ɗinkina.

“Gwaggo, Inna ba ta yarda da tafiyar nan ba. A kasuwa take murna, a gida ta riga ta cire ni. Gani take ni ma irin Baba ce.”

Raina ya ɓaci sosai. Da asuba na tari Motabar a bakin tanderu, inda ba ta da hanyar gudu.

“Yaya, wannan wace irin mugunta ce? Yarinya za ta ƙetare duniya, ki hana ta gatsa ɗaya? Ɗan Oynisa da ya tafi soja ke kika gasa masa. Har direban da ya tafi Koriya ke kika gasa masa.”

“Matsa, za ki ƙone.”

“Ba zan matsa ba. Ki faɗa mini.”

Ta manna gurasa biyu. Sai ta zauna a kan buhun fulawa, ta goge fuska da gefen ɗankwali.

“Mastura, kina jin abin da nake faɗa wa yayanki duk Juma'a?”

“Duk unguwa na ji.”

“To da ba haka nake ba. Shekarun farko addu'a nake masa. Ban san ranar da addu'ar ta koma zagi ba, na dai wayi gari na ji bakina yana yi. Yanzu in rataye ta Zebi, ta je can ta ga wuri ya yi mata, ta sami aiki, ta sami miji, shekara biyu ta zama goma. Ni kuma ina nan ina kakkaɓe ƙura. Na san bakina, Mastura. Gara ta tafi babu igiya a ƙafarta, da in ga ranar da zan zagi 'yata.”

Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Da rana na kwashe maganar kaf na faɗa wa Zebi, don ni ba na iya riƙe irin wannan. Ta saurara, ta ci gaba da ninke kayanta.

Safiyar tafiya Motabar ta gasa 'yar ƙaramar gurasa da madara da man shanu, ba ta fi tafin hannu ba. Ta ajiye gaban Zebi.

“Cinye.”

“Inna, na ƙoshi.”

“Na ce cinye. Duka. Kar ki bar mini ko ɓarɓashi.”

Zebi ta ci tana haɗiya da ƙyar, uwarta na tsaye a kanta har ta gama. Sannan Oynisa ta ɗaga hannu muka yi addu'a muka shafa. Mun kai ƙofa Zebi ta ce ta manta safarta, ta koma ciki a guje. Motabar ta bi ta da, “Kullum sai kin manta wani abu, kan kabewa!”

A tashar jirgin ƙasan da zai kai Zebi Tashkent, Motabar ba ta yi kuka ba. Tana ta gyara wa yarinyar wuyan riga tana cewa kar ta sha ruwan sanyi, kar ta yarda da mai fara'a da yawa. Da Zebi ta rungume ni sai ta raɗa mini, “Gwaggo, kar ki bar ta ta shiga ɗaki ita kaɗai.”

Jirgi ya ja, muka dawo gida. Ta nufi ɗakinta, na bi ta.

“Ke kuma ina za ki, kamar jela?”

Ta ɗaga labule, ta tsaya cik. Gurasar Hikmat ba ta kan ƙusa. An naɗe ta cikin farin ƙyalle an ajiye a kan akwati. A wurinta akwai sabuwa, babba, daga cikin waɗanda aka gasa da asuba don kasuwa, da gatsa ƙatuwa a gefe. Ga shatin haƙora nan raɗau, da ɗan tudu siriri a tsakiya, inda wushirya ta bari.

“Ɓarauniya!” in ji Motabar. “Shi ya sa na ga kwandon ya ragu. 'Yar marasa jin magana, mai kan…”

Sai ta kama bakinta da hannu biyu. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na rawa. Ni ma na juya ina kallon bango, hawaye na zuba.

Can ta miƙa mini ƙullin farin ƙyallen ba tare da ta dube shi ba. “Ungo ta ɗan gidanku. Jiƙa ki ba kurciyoyi.”

Ta sa ɗan yatsa ta shafa wurin gatsar, ta taɓa ƙusar ta ji tana motsi.

“Mastura, in kin gama ki aro mini guduma wurin Oynisa. Ƙusar nan ta yi lako-lako, ba za ta kai shekara biyu ba.”