An Shuka Ciyawa a Gonar Yaya Sule

Jama'a, yau na ga ana shuka ciyawa da gangan!

Na je gonar marigayi Yaya Sule da aka sayar, a hanyar Baure, irin geronsa a aljihuna, in roƙi ɗan gefe in shuka. Sai ga motar tanka! Wani da tiyo yana fesa koren kunu.

Na ce, "Malam, me ake shukawa?"

Ya ce, "Ciyawar ado, Baba. Iri da taki a dame. Ba wurin gero."

Ciyawar da ni da Yaya muka shekara arba'in muna nomewa!

Na ce, "In ta fito a kira ni, fartanyata na nan."

Bai yi dariya ba. Da Yaya ne, da ya yi dariya har da hawaye. Na dawo da geron gida.