Layin da Ba Haka Na Rubuta Shi Ba

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Jalingo, ina da goyon wata biyar. Mu biyu ne masu buga tafireta a sashen da ake ajiye fayilolin ma'aikata, ni da wata da ta girme ni da shekara shida. Adda nake kiranta, yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a wajenmu. Mota ɗaya ta kwaso kayanmu daga Yola lokacin da aka ba mu jiha. Cocinmu ɗaya, kuma muna cikin mawaƙa tare. Ranar da na haihu ita ta fara yi wa yarinyar wanka, tun kafin mahaifiyata ta iso daga Iware.

Wani injiniya ɗan kudu ne ya kawo na'urar, aka bar mana shi wata biyu ya koya mana. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma yana da haƙuri. Bayan ya nuna mana yadda ake buga wasiƙa, sai ya ga akwai sauran lokaci, ya fara koya mana harshen Besik, wanda ake rubuta manhaja da shi. Za ka zana taga a kan allon, ka sa mata akwatunan rubutu da maɓallai, sannan ka shiga bayan kowane maɓalli ka rubuta abin da kake so ya yi idan an danna shi. Adda ta fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba, amma abin bai shiga ranta ba. Ni kuwa ranar da na danna maɓallin da na zana da kaina ya amsa mini, ban iya cin abincin rana ba. Da injiniyan zai tafi ya bar mana wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya cire.

Babbar matsalar ofishinmu ita ce ɓatan fayil. Mutum zai taso tun daga ƙauye a kan maganar hutunsa ko ƙarin girma, a ce masa fayil ɗinsa ya fita, kuma ba wanda ya san teburin da yake. Sai na ce bari in gwada rubuta manhajar da za a riƙa shigar da lambar kowane fayil da ranar da ya fita da ofishin da aka kai shi. In ana nemansa, a buga lambar kawai ta faɗi inda yake.

Na ɗauka aikin mako biyu ne. Wata huɗu na yi a kansa, kuma yawancin lokacin ba rubutu nake yi ba, neman abin da ya lalace nake.

Na farko da ya ba ni kunya, tsohon masinjanmu ne ya jawo shi. Na kira shi ya ga abin da na yi, ya miƙa yatsa ya danna maɓallin nema ba tare da an rubuta komai a akwatin ba. Wani ɗan saƙo ya fito, taga ta rufe, duk abin da na shigar tun safe ya tafi. Ya ja da baya yana cewa, "'Yata, na kashe ta ne?" Na ce, "A'a Baba, laifina ne." Ban taɓa tunanin wani zai danna ba tare da ya rubuta lamba ba, tunda ni ba na yin haka. Daga ranar, kowane maɓalli sai na sa ya fara duba ko akwatin fanko ne, in fanko ne ya roƙi mutum ya cika. Kuma duk sanda na gama wani sashe sai in kira Baban ya zo ya daddanna yadda ya ga dama.

Kwanan wata ne ya fi wahalar da ni. Sai in shigar da biyar ga Afrilu, ta nuna mini huɗu ga Mayu. In na shigar da ashirin ga wata kuma, ta karɓa daidai. Mako guda ina zargin littafin, ina zargin na'urar. Da na gaji sai na ɗauki takarda na jera ranakun da suka juye a gefe ɗaya, waɗanda suka zauna daidai a ɗaya gefen, sai na ga duk waɗanda suka juye ba su wuce sha biyu ba. Ashe na'urar wata take fara karantawa kafin rana, sai in lambar ta fi ƙarfin wata sannan ta juya. Na raba akwatin gida uku, rana daban, wata daban, shekara daban, aka zauna lafiya.

Wuta ba ta tsayawa, janaretan ofis kuma sai manya suna nan ake tayar da shi. Saboda haka na saba da buga duk abin da na rubuta a doguwar takardar nan mai huji a gefe, in tafi da ita gida unguwar Turaki. Da yamma ina zaune a tabarma yarinya na kan cinyata, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya da fensir, ina yin kamar ni ce na'urar. A haka na taɓa kama harafin O da na buga a wurin sifili, wanda ya ci mini kwana biyu.

Duk wannan Adda na gefena. In na kama kuskure ita nake fara nuna wa, in yi mata bayanin yadda alama ɗaya tak ke rushe komai. Kullum da sha biyu nakan hau acaɓa in je gida in shayar da yarinya, ita nake bar wa makullin ɗakin kwamfuta.

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a tura mutum ɗaya daga sashenmu Kaduna, kwas na wata shida a kan kwamfuta, wanda ya dawo kuma shi zai riƙe sabon sashe. Darakta ya ce kafin ya yanke shawara yana so ya ga wannan abin da ake cewa na haɗa.

A makonnin nan ne abubuwa suka fara lalacewa ta hanyar da ban gane ba. Abin da na gyara ya yi aiki da safe, in dawo da rana in tarar ya ƙi. Sau biyu haka ta faru. Na farko wani waƙafi ne ya ɓace, na ce wataƙila na manta ban adana gyaran ba. Na biyu sunan wani akwati ne ya rasa harafi ɗaya, na yi kwana uku kafin na gano. Na ce wa Adda, "Anya kaina ɗaya kuwa?" Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. "Haka goyo yake, ƙanwata. Nono na tafiya da rabin hankalin mace. Ki riƙa hutawa." Na yarda da ita. Na fara tsoron kaina, abin da na duba sau ɗaya sai in duba sau huɗu.

An sa ranar Litinin da ƙarfe biyu Darakta zai zo ya gani. Ranar Juma'a na gwada komai, na buga a takarda na tafi da ita gida, na bi ta da fensir ranar Asabar ban ga komai ba. Litinin da safe na sake gwadawa, lafiya lau. Da sha biyu na tafi shayarwa kamar kullum.

Darakta ya shigo da shugaban sashenmu da wasu manya biyu. Ɗakin ƙarami ne, wasu a tsaye. Ya miƙo mini wani fayil daga hannunsa ya ce in shigar. Na shigar. Ya ce, "To, nemo mini shi." Na buga lambar na danna, sai ta ce babu wannan fayil. Na sake, ta sake cewa babu. Na nemi wani tsohon fayil, ya fito. Na koma kan nasa, babu. Ɗaya daga cikin manyan ya ce, "Ashe ita ma ta koyi halin ofishin nan," aka yi dariya. Na buɗe bayan maɓallin, amma idona ba ya ganin komai, layukan sai yawo suke.

Sai Adda ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in duba." Na tashi na ba ta kujera. Ta gangara ƙasa cikin layukan, ta tsaya a kan wani layi, ta ƙara alama ɗaya. Ta danna, fayil ɗin Darakta ya fito. Ko minti biyu ba ta yi ba. Darakta ya dube ta ya ce, "Ashe ke ce gwanar, kika yi shiru." Da suka fita na rungume ta ina hawaye, ina cewa ta fitar da ni kunya.

Ranar Laraba aka liƙa sunanta a allon sanarwa. Na yi mata murna, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya na yi, duk da abin ya yi mini ciwo.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san yadda na yi wannan kuskuren ba, kuma na saba in ban gane asalin kuskure ba, ba na barinsa. Layin shi ne wanda ke gaya wa manhajar ta bi fayiloli tun daga na farko har zuwa na ƙarshe. In aka cire alamar daidai, wato 'yan sandunan nan biyu na lissafi, daga cikinsa, sai ta tsaya kafin na ƙarshe, wato duk fayil ɗin da aka shigar yanzu ba za ta gan shi ba. Da na koma gida na ciro takardar Juma'a na nemo layin. Alamar na nan. Har da ɗan kan fensir ɗina a gefenta, inda na yi mata maki ranar Asabar.

Na nemi kowace hanya da za ta wanke Adda. Na ce ko ɗaukewar wuta ce, amma wuta ba ta zaɓar alama ɗaya ta goge. Na ce ko hannuna ne ya taɓa, amma ban buɗe wurin ba ranar Litinin sai a gaban Darakta. Sannan na tuna layukan sun fi ɗari huɗu, kuma Adda ba ta nema ba. Kai tsaye ta je.

Washegari bayan an tashi aiki na bi ta gida. Na same ta a tsakar gida tana ninke zannuwa cikin akwati. Ta ce, "Ƙanwata, shigo, ga kunu." Ban zauna ba. Na shimfiɗa takardar a kan akwatin na sa yatsa a layin.

"Adda, alamar nan ba ita ta goge kanta ba."

Ta dubi takardar, ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta gama.

"Ke da goyo," ta ce. "Da an zaɓe ki, wa za ki bar wa yarinyar wata shida?"

"Wannan ni da mijina za mu duba."

"Shekara goma sha huɗu ina mataki ɗaya. Ke yarinya ce, wata damar za ta zo miki."

"Da kin roƙe ni, da na bar miki."

"Da kin bar mini, da Darakta bai ba ni ba. Ai kowa ya san ke kika haɗa."

Na ce, "To waƙafin nan fa, da sunan akwatin?"

Ta ce, "Ina so in ga ko zan iya mayar da shi daidai ne."

Wannan ya fi komai ƙona ni. Kwas ɗin ban damu da shi ba kamar kwanakin da na yi ina zargin hankalina, ita kuma tana dafa ni tana cewa goyo ne. Na naɗe takardata na fito. Ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Kada ki kai maganar nan coci, don Allah."

Ban kai coci ba. Mijina ya matsa sai na gaya wa shugaban sashe, na je na nuna masa takardar. Bai san abin da yake kallo ba. Ya ce an riga an sa hannu, ya ƙara da cewa, "Ku mata, ku je ku sasanta, ba cocinku ɗaya ba?"

Adda ta tafi ta dawo, aka ba ta sabon sashen. Manhajar da na rubuta aka ci gaba da amfani da ita, ɓatan fayil kuma ya ragu sosai. In wani abu ya lalace takan aiko a kira ni, in je in gyara, domin mutanen da ke jira a benci ba su yi mini komai ba. Ban ƙara yi mata bayanin yadda na gano kuskure ba. In gyara in tashi. A wajen waƙa na koma layin baya.

Na yi shekara ɗaya da rabi a haka, sannan na nemi a mayar da ni ofishinmu na Sunkani, inda babu kwamfuta ko ɗaya, na koma kan tafireta. Mutane sun ce na yi wauta, wataƙila kuma gaskiyarsu ne. Ranar da zan tafi Adda ta zo tasha da dafaffiyar gyaɗa a leda, ta ce a ba yarinya a hanya. Na karɓa na ce na gode. Ta tsaya kamar akwai sauran magana a bakinta, direba ya ce a shiga, na shiga.