Yaya Iddrisu da goyon ƙirji

Jiya na shiga gidan yayana Iddrisu a Choggu, na tarar da shi zaune ba riga, an ɗaure mishi jaririya a ƙirji da zanin matarshi.

Yarinyar bakwaini ce, 'yar mitsitsiya. Nas mai zagaya gidaje ta ce ɗumin jiki ne zai riƙe ta, in ta yi sanyi za a iya rasa ta. Uwar ta gaji, tana barci.

Wani abokin Yaya ya leƙo. "Kai Iddi, yanzu kai ne mai jego?"

Yaya ko ɗaga kai bai yi ba. "Rage murya. Ita ta ƙara nauyi satin nan. Kai me ka ƙara?"

Mutumin ya nemi benci ya zauna.

Mata, tsakani da Allah, naku zai iya?