Teɓar Gwamnati

Shekara goma sha huɗu Shamshad Bibi ta yi tana saka tufafin da suka fi kowanne tsada a lardin nan, amma ko ɗaya ba ta taɓa taka ƙofar shago da shi ba. Aikinta ke nan. Begum Sahiba, uwargidan Gwamna, ba ta maimaita kaya. Abin da aka gan ta da shi wurin buɗe rijiya ba za a sake ganinsa wurin buɗe makaranta ba. Telanta kuwa, Ustad Fazal Din, namiji ne, kuma jikin Begum ya fi ƙarfin tef ɗin namiji. Sai aka nemo mace mai tsayinta da kafaɗarta da ƙugunta, wadda za a riƙa ɗora wa tef ana soka mata allura ba tare da duniya ta tashi ba. Aka dace da Shamshad. Ladanta ɗan albashi da ɗaki ɗaya a bayan shagon. Ɗakin nan shi ne komai nata, domin mijinta Mushtak, tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar gyaran keke, a nan yake kwance.

Da farko abin lafiya lau, Begum siririya, Shamshad siririya. Sai dai Gwamna ya manne wa kujera, liyafa kuma ba ta yankewa. Awon Begum yana rubuce a littafi tun shekarar da suka hau mulki: ƙugu inci ashirin da takwas. Babu ɗan da uwarsa ta haifa da zai ce a gyara lambar. Saboda haka Ustad ya koma auna ta a talabijin. Da an fara labarai sai ya gyara zaman tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Baji, zo ki gani," in ji shi ga Shamshad, wadda yake kira Baji, wato yaya. "Dubi damtsen nan da take ɗaga almakashin yanke ƙyallen buɗe makaranta. Inci ɗaya da rabi, ko tantama babu. Daga gobe gurasar paratha uku, a sa man shanu."

"Haba Ustad, ba jiya ka ce biyu ba?"

"Jiya ba a yi bikin 'yar minista ba."

Haka Shamshad ta yi ta bin Begum a baya, loma bayan loma. Begum ta ci a fada, ita ta rama a bayan shago. Watan azumi ya fi kowanne wuya, don duk duniya ramewa take yi, ban da uwargidan Gwamna mai buɗa baki a gida uku. In aka yi rashin sa'a riga ta matse, sai Nigat, sakatariyar Begum, ta iso tana cin magani.

"Begum Sahiba ta ce mai awon nan taku ta rame, shi ya sa hannun rigar ya ƙi shiga. Ba a ba ta abinci ne?"

Sai Ustad ya rantse zai tsawata mata, ya aika a sayo alewar halwa mai naso.

Jaridu kuwa ba su gaji da yabo ba. Yau an ce rigar Begum ta alharini alama ce ta ƙaunar masaƙan ƙauye, gobe an ce mayafinta mai zaren zinariya darasi ne na kamun kai. Ɗaki uku aka ware wa kayan nan, da na'urar sanyaya iska wadda ɗakin haihuwa na asibitin gari bai taɓa gani ba. Maƙwabtan Shamshad ma ba su bar ta ta huta ba. "Ke dai Allah ya kashe ya ba ki," suke cewa. "Wai a ce ci shi ne sana'ar mutum!"

A shekara ta goma sha biyu gwiwoyinta suka fara ƙara, ƙafa ta kumbura. Likita ya ce ciwon sukari ne, ko ta rage ci ko ta shirya rabuwa da ƙafar. Ta dawo gida ta dubi Mushtak a kan gado, ta dubi rufin da ke kansa, ta jawo farantin halwa ta cinye tana hawaye. Tsoron likita take ji sosai, amma tsoron titi ya fi.

Bana sai Begum ta tafi ƙasar waje, wai duba ido. Wata uku ta yi. Ranar da aka nuno ta tana saukowa daga jirgi, Ustad ya cire tabaransa ya goge har sau biyu. Rabin matar ce ta dawo. Jaridu suka ce sirrin shi ne tafiyar safe da ruwan ɗumi da lemon tsami.

Bayan kwana uku Begum da kanta ta zo shagon, karo na farko, don zaɓen sababbin yaduka. Idonta ya sauka a kan Shamshad da ke tsaye a gefe tana haki.

"Wace ce wannan?"

"Mai awonki ce, ranki ya daɗe," in ji Nigat.

"Awona? Ni yaushe na taɓa zama haka?"

Shamshad ta dubi Ustad, mutumin da ya ƙirga mata kowace gurasa.

"Ba ki taɓa ba, Begum Sahiba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Ga littafi nan shaida, ashirin da takwas. Ita ce dai ta saki jikinta."

Begum ta girgiza kai cikin tausayi. "Matanmu ba sa kula da kansu. Baiwar Allah, ki rage kwaɗayi, kin ji? Ki gwada lemon tsami."

Da motoci suka tashi, Nigat ta tsaya ta isar da sauran saƙon: an sami wata mai awon da ya dace, a ba da ɗakin kafin Juma'a. Shamshad ta daure ta tambayi manyan rigunan, ɗaki uku cur, waɗanda duk lardin nan ita kaɗai za su yi wa daidai. Ko biyu ne a ba ta, ta sayar ta kama haya.

"Waɗanne manyan riguna?" in ji Nigat. "Ba a taɓa ɗinka su ba."

Ran Juma'a ta ɗora Mushtak da tabarma da tukwane a kan amalanke, ta shiga shago tana jan ƙafar nan, ta ajiye makulli a kan keken ɗinkin Ustad. Bai ɗago ba.

"Ga makulli, Ustad. Riguna dama ban taɓa fita da ko ɗaya ba." Ta dafa cikinta da hannu biyu. "Saura wannan. Kayan gwamnati ne, da umarni aka ɗora min. A wane ofis ake mayarwa?"

Ustad ya ci gaba da neman ramin allura, zaren yana ta kuɓuce masa.