Littafin Da Ban Duba Ba

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a wata firamare da ke kan hanyar Malumfashi zuwa Kafur. Karatuna bai wuce takardar malanta ba, amma ina da tsari, kuma ba na yarda a taɓa mini shi. A aji shida, zangon ƙarshe, wakilin suna nake koyarwa, wato kalmomin da ke tsayawa a madadin suna. Kashi bakwai na yi musu, kowane mako kashi ɗaya: na mutum, na mallaka, mai komawa kan mai aiki, na nuni, na tambaya, na haɗa jimla, sai wanda ba a fayyace ko wa ake nufi ba. Ba na shiga na biyu sai na rufe na ɗaya. Tambaya ma daga bencin farko nake ɗaukowa, in bi yara ɗaya bayan ɗaya har bango.

Wata shekara 'yata ta fari ta iso ajina. A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a kuma nuna an damu da shi a gaban mutane. Haka na taso na tarar. Tun da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa ƙauyenmu wajen Musawa, sai da ƙarfin tsohuwa ya ragu suka dawo gidana su biyu. Saboda haka idan na zo kan sunanta a rajista, kai nake ɗagawa in ga tana nan, in sa alama in wuce. Idan tambaya ta iso bencinta, sai in tsallake zuwa na kusa da ita. Ban taɓa jin ina zaluntar kowa ba. Mutunci nake ganin ina yi.

Littafinta na aiki kuwa, malamin lissafi na roƙa ya riƙa dubawa. Kirista ne mutumin Kafur, mai yawan barkwanci, mun daɗe tare.

"Malam," ya ce mini, "ni fa Turancina na coci ne. In an wuce amin, sai a hankali."

"Ka duba dai. Inda ka ga ba daidai ba ka ja jan biro."

"To, sarkin kunya. 'Yarka ce fa, ba surukarka ba."

Yarinyar tana son shiga makarantar kwana ta 'yan mata, inda ake karatun kimiyya, don ta zama unguwarzoma ta asibiti. Ba ni ta gaya wa ba. Ta bayan katanga na ji tana faɗa wa uwarta. Shiga makarantar sai da jarrabawa, kuma wanda ya faɗi Turanci ba a ɗaukarsa ko da ya cinye sauran.

Saura kwana goma sha biyu a yi jarrabawar, littafinta ya shigo cikin tarin da nake dubawa. Ban lura da bangon ba na buɗe. Kowane shafi an yi masa maki da jan biro, an rubuta yabo a ƙasa. Na karanta aikin makon farko, daidai. Na biyu, na uku, da 'yan kurakurai. Da na iso na haɗa jimla, babu amsa ɗaya da ta yi daidai, amma duk an ba ta maki. Sai a lokacin na juya bangon.

Na sami abokin nawa a gindin darbejiya yana cin gyaɗa. Na buɗe masa shafin. Ya duba, dariyar da ya fara ta tsaya.

"Rubutun ne mai kyau, Malam. Na ce 'yar malamin Turanci ai a gida take sha. Ashe ba ka koya mata a gida?"

Na rufe littafin, na koma aji.

Ran nan bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce wa uwarta, "Ki ce wa yarinyar nan ta kawo littafinta." Mahaifiyata tana bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar masara. Ta ajiye ƙwaryar.

"Yau me zan gani? Kai da ita tabarma ɗaya? Lallai boko ya busar maka da ido."

"Inna, jarrabawa ce ta matso."

"Kai wa ya zauna da kai, ga ka nan har ka zama malam?"

Ban tashi ba. Yarinyar ta zo ta durƙusa a can ƙarshen tabarma, kanta a ƙasa. Na buɗe shafin farko, na fara daga kashi na ɗaya. Muka yi kwana biyu a kai, muka shiga na mallaka. A rana ta huɗu ta ɗago kai kaɗan.

"Baba, waɗannan na iya su. Na haɗa jimla ne ba na ganewa, inda ake sa who da inda ake sa which."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mini a kan karatu. Abin da na ce mata shi ne, "Ba a tsallake. Za mu iso wurin."

Ba mu isa ba. Ruwan shuka ya sauka a makon, kuma masara ba ta jiran kowa. Kwana uku ina tashi daga makaranta in wuce gona kai tsaye, ba na dawowa sai magariba. Da muka koma tabarma, na ci gaba daga inda muka tsaya. Ana gobe jarrabawa muka rufe kashi na biyar. Wanda ta roƙe ni shi ne na shida.

Da ta dawo daga jarrabawar ban tambaye ta ba. Uwarta ce ta tambaya, ni kuma ina zaure ina saurare. Yarinyar ta ce lissafi ya yi sauƙi. Ta ce a Turanci an kawo jimloli da yawa a ce a haɗa su.

Bayan wata biyu aka liƙa sunaye a ofishin ilimi na Malumfashi. Na hau babur na je ni kaɗai. Na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi, na bi ta uku. 'Yan ajina huɗu sun fito. Hedimasta ya gaya mini daga baya cewa lissafinta ya fi na dukansu, Turanci ne ya kayar da ita.

Na same ta tana tankaɗe a ƙofar madafi. Ta dubi fuskata sau ɗaya.

"Babu ko, Baba?"

"Babu."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Na tsaya a kanta, ban san yadda ake irin wannan magana ba. Can na ce na yi shawara da hedimasta, za ta iya maimaita aji shida ta sake gwadawa baɗi. Na ce wannan karon za a gyara.

"A ajin wa?" ta ce.

"Ajina."

Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Uwarta ta daina hura wuta.

"A'a, Baba. A kai ni makarantar jeka-ka-dawo ta cikin gari kawai."

Can na kai ta. Babu ɗakin gwajin kimiyya a makarantar, kuma ba ta ƙara ambaton asibiti ba.